Yadda Shef Biyu Suka Tsayar da Kwamfutata

Har yau ban manta da ranar da aka ce in haɗa sunayen ma'aikatanmu duka a jeri ɗaya ba. Lokacin ina sashen informatik, wato sashen kwamfuta, na wani kamfanin man angurya a Djamboutou, ni kaɗai ce mace a sashen, kuma ni kaɗai ce sashen. Hedikwata a Duwala ta aiko cewa za a yi wa kowa katin asirans, wato inshorar asibiti, wanda sunansa bai isa ba kafin Juma'a sai baɗi. Akwai direbobinmu da suka daɗe suna jiran katin nan saboda iyalinsu.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bayananmu ba a shimfiɗe suke ba. Kamar jeren kwanuka suke, ƙarami cikin babba. Ka buɗe direkta ka tarar da shef-shef, wato shugabannin sassa, ka buɗe kowane shef ka tarar da mutanensa, wasunsu ma da nasu a ƙasa. Duwala kuwa layi ɗaya take so. Sai na rubuta ɗan umarni mai sauƙi: rubuta sunan mutum, in akwai wasu a ƙarƙashinsa ka sake kiran kanka a kan kowannensu, in babu ka koma. A sana'a rekursiyon muke ce masa. Duk dabarar ita ce, dole wata rana a isa ga wanda ba shi da kowa a ƙasa.

Na danna. Kwamfuta ta yi ta gurnani, ta sandare, ta ce wuri ya cika. Na duba umarnin, ban ga kuskure ba. Sai na sa ta nuna min inda take bi. Abin da ya fito shi ne: Hamadu, Tizi, Hamadu, Tizi, har ƙarshen allo.

Malam Hamadu shi ne shef na ma'aikata, surukin mai kamfanin. Musyo Tizi shi ne shef na injuna, mutumin da in ya yi zazzaɓi masana'anta ma ta kwanta. Kowane shef shi ke cike bayanan sashensa da kansa. Malam Hamadu ya sa Tizi a ƙarƙashinsa, shi ma Tizi ya sa Hamadu a ƙarƙashinsa. Kwamfuta, baiwar Allah, ta yarda da su duka biyun.

Na fara zuwa wurin Malam Hamadu. Ya ce duk mai karɓar albashi a gidan nan ɗansa ne, in je in cire abin da Tizi ya rubuta. Musyo Tizi kuma ya ce shi ake bar wa makullai in direkta ya yi tafiya, to wa ke saman wa? Na hau bene wurin direkta, Alhaji Bobbo, na ce ranka ya daɗe, kalma ɗaya nake nema, wane ne babba a cikinsu.

Ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi.

"Malama Asabe, tun kafin ki gama makaranta nake ƙin amsa wannan tambayar, shi ya sa har yau muke matse mai. Ba kwamfuta ce za ta sa ni amsa ba. Je ki koya mata ladabi."

Na sauko na koya mata. Na ƙara layi biyu: ta riƙa tuna wanda ta riga ta rubuta, in ta sake cin karo da shi ta sunkuyar da kai ta wuce. Nan take jerin ya fito, mai gadi kusa da direkta, ba sama ba ƙasa. Muka aika ranar Alhamis, katuna suka zo.

Bayan haka Malam Hamadu ya kira ni ya yi min godiya da na bar Tizi a inda ya dace. Da yamma Musyo Tizi ya aiko min da soye, don ya duba ainihin bayanan, da ban taɓa ba, ya ga Hamadu na nan a ƙarƙashinsa. Na karɓi godiyar, na ci naman. Har na bar kamfanin kowannensu shi ne shugaban ɗan'uwansa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in umarninku ya kama zagaye ba ƙarshe, kada ku yi saurin zargin kanku. Ku fara tambayar wa ya cike bayanan, da kuma wa yake fushi da wa. Sannan ku sa wa umarnin wurin tsayawa da hannunku, don a ofis ba wanda zai yarda shi ne na ƙasa.