Katakan Baranda Ranar da Aka Binne Baba

A unguwar Cheetham Hill, can ƙasar Turawa, nake aikin kafinta lokacin, muna kafa katakan da za su ɗauki daɓen barandar wani sabon gida a kan wani rami da aka haƙa. Ina durƙushe cikin taɓo, ana yayyafi, sai yayana ya kira daga Kano.

"Baba ya rasu da asuba," ya ce. "Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ba mu so mu tayar maka da hankali a wajen aiki ba."

Wai hankalina suke tattali! Ni ne kafintan gidanmu, ni ya kamata in jera itacen da ake rufe kabari da shi kafin a tura ƙasa. Wani can ya jera wa Baba.

Na koma bakin ramin barandar na ci gaba da aiki. Ban ankara ba, ashe manne da juna nake jera katakan, ko yatsa ba zai shiga tsakaninsu ba.

Baturen da ke kula da aikin ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce ɓarnar katako ce, in ciro su in ba su tazara.

Na ciro katakan ɗaya bayan ɗaya. Da hannuna na sake buɗe ramin.