Manyan Tayoyin da Suka Ɗaure Mai Zalɓe

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma.

Ranar Talata, sha tara ga watan Agusta, da hantsi, ina wanke hannu a ƙaramin asibitin da nake aikin jinya, wata mata ta shigo tana haki, ƙafafunta duk laka, ta ce mini Mai Zalɓe ya rasu. Na tambaye ta ko mota ce ta faɗi. Ta ce a'a, mota na nan tsaye lafiya lau a tsakiyar hawa, shi ne dai ya zauna bai tashi ba. Na daɗe a tsaye, famfo yana zuba, ban iya rufe shi ba.

Yaya, tun ranar nake neman abin da zan faɗa a kanka. Duk ta inda na ɗauko zancen, sai ya dawo kan tayoyin motarka. Na yi ƙoƙarin kauce musu, na ga kauce musu tamkar kauce wa rabin rayuwarka ne.

Ga wanda bai san ka ba, kai direban a-kori-kura ne. Mu kuma muna zaune a ƙarshen hanya. Wanda zai je gari daga wurinmu sai ya ratsa fadama, sannan ya hau wani dogon tudu kafin ya taka kwalta. Da damina fadamar laka ce mai haɗiye mota har ƙirji, da rani kuma yashi ne mai zurfi. Direbobi kan tsaya a bakinta su sauke mutane su juya.

Kai ma da haka kake yi, har shekarar da mahaifiyarka ta kwanta ciwo. A ɓangarenmu take zaune, ta ƙi barin gidan da mijinta ya bar ta. Ka taho ɗaukarta, mota ta kafe a tsakiyar fadama, ka wuni kana tonon laka da hannu, ita kuma tana kwance tana jiranka. Allah Ya tashi kafaɗunta a wancan karon, amma kai ba ka manta ba. Ka je ka sayo tayoyi manya masu faɗi da kaushin haƙora, ka sa aka ɗaga motar. Ranar da ka fara ratso lakar ba tare da ka tsaya ba, mata suka fito ƙofar gida suna kallo, wani tsoho ya ce, "Wannan ai zalɓe ne, dubi dogayen ƙafafu." Daga nan sunanka na yanka ya ɓata.

Mu abin da muka gani ke nan, mota mai shiga inda wasu ba sa shiga. Abin da tayoyin suke ci a jikinka, sai da na yi ta zama a gaba kusa da kai, akwatin allurar rigakafi a cinyata, sannan na gane.

Da mun fita daga fadama mun kama hawa, sai motar ta zama wata daban. Ka danna mai, inji ya yi ta kururuwa, ita kuwa tana rarrafe. Ka sauko giya ta biyu, ka sauko ta ɗaya, ƙaurin kuloci ya cika mana hanci, masu babur suna wuce mu suna ɗaga maka hannu. Wata rana na tambaye ka ko injin ne ya tsufa. Ka yi dariya ka ce, "Malama, inji lafiyarsa ƙalau. Ƙananan ƙafafu aka yi shi ya juya. Ki ɗauka an sa miki takalman ƙato, masu nauyi, an ɗora miki tulu, an ce hau tudu. Za ki hau, amma za ki ji a jikinki." Ka ce babbar taya takan ci ƙasa da yawa a juyi ɗaya, amma kowane juyi sai inji ya yi gumi kafin ya samar da shi. Ga nauyinta, ga faɗinta da ke manne wa kwalta, ga motar ta yi tsayi iska na dukan ƙirjinta. Har allurar da ke nuna gudu ta koyi ƙarya, tana nuna ƙasa da abin da ake yi, birki kuma sai ka taka tun daga nesa.

Sai mai. Tankin da a da yake kai ka ya dawo da kai har da saura, ya koma ba ya kwana. Kakan ce kai da mai gidan mai kun zama surukai, kullum sai ka kai gaisuwa kuma ba ka zuwa hannu rabbana. Muna dariya. Ban san cewa a daidai lokacin masu bulo da masu siminti sun daina kiranka ba, domin motarka ba ta iya jan kayansu a hawa, in ma ta ja, mai ya cinye ribar. Abokanka na tasha suna yin sawu uku kafin ka yi ɗaya. Ba ka iya ƙara mana kuɗin mota ba, don ka san abin da ke aljihunmu. Mara lafiya kuwa ban taɓa ganin ka miƙa masa hannun karɓar kuɗi ba. In danginsa suka matsa, sai ka ce su riƙe, za su buƙace shi a can.

Kai ka kawo mana firjin magani, ka ɗaure shi da bargon ɗakinka don kada ya bugu. Kai kake tsayawa a kantin magani ka jira a haɗa mana kaya, fasinja suna mita. Malamin makarantarmu ya taɓa gaya mini cewa da ba don kai ba, da tun shekararsa ta farko ya gudu. Akwai wata tsohuwa da ba ta da kowa a gari sai jikarta, kakan ɗauke ta ka ajiye ta har ƙofa, ka ce mata, "Inna, ki faɗa wa jikar nan taki ni na riga kowa." Ta rasu tana sa maka albarka.

Ka nemi mafita, ni shaida ce. Makanikenka ya ce in aka sauya haƙoran da ke juya ƙafafun baya suka dace da girman tayoyin, ƙarfi zai dawo ko da mai bai ragu sosai ba. Motar tsohon yayi ce, aka yi ta cigiya ba a samu ba. Da aka samo wani daga nesa, aka kwance aka gwada, bai zauna ba. Ka lallashi wani direba ya sa irin tayoyinka ku riƙa karɓa-karɓa, ya yi damina ɗaya ya cire, ya ce shi yana da iyali. Kamar kai ba ka da su. Masu awon hanya sun zo sun kafa turaku sun tafi, har turakun suka ruɓe. Ƙananan tayoyinka na asali kuwa suna jere a kusurwar ɗakinka, an rufe su da tsohon zane, maiɗakinka tana ɗora kwanuka a kai. Duk shekara sai ka ce bana za su koma.

Sun koma sau ɗaya. Bayan rasuwar mahaifiyarka, dalilin da ya sa ka sayi manyan ya kau, kowa ya san haka, ba wanda ya isa ya ce maka komai. Ka mayar da ƙananan. Na haɗu da kai a gari a kwanakin, ka ɗauko siminti, fuskarka kamar ta ango. Ka ce, "Malama, ashe motar nan yarinya ce! Na hau tudu a giya ta uku, har na ji kunyar yadda na zalunce ta." Na taya ka murna, kuma har zuciyata na yi.

Ba a yi wata biyu ba aka yi ruwa mai ƙarfi, bango ya faɗo wa wani magidanci a ƙafa. Abin ya fi ƙarfin asibitinmu. Na kira ka, ka zo nan da nan, amma iyakarka bakin fadama. Muka cire ƙyauren ɗaki muka ɗora shi, maza suka saɓa, muka shiga laka. Tun daga nesa nake hangenka a tsaye a gefen mota, ka kama ƙugu, ka saki, ka sake kamawa. Can sai ka tuɓe takalmi ka shigo, ka karɓi gefe ɗaya na ƙyauren. Mutumin ya rayu, amma an yanke ƙafar. Likita ya ce da an iso da wuri da wataƙila an cece ta. Ba da kai yake ba, bai ma san ko kai wane ne ba, amma kana tsaye a bakin ƙofa.

Washegari na ji rurin injinka a fadama. Na fito na ga dogayen ƙafafun sun dawo. Na ce maka, "Yaya, wallahi ba wanda ya zarge ka." Ka ce, "Na sani. Da ma zargina aka yi, da na yi fushi na kama gabana." Daga ranar ban sake jin ka ce bana za su koma ba.

A shekarun baya-bayan nan jininka ya hau. Nakan auna ka in ce ka kwanta ka huta, kai kuma ka ce in ka kwanta wa zai tashi. Ka rame, ka rage barkwanci. Wani lokaci in mun tsaya a hawa kana jiran inji ya huce, sai ka yi ta kallon motocin da ke gudu a kan kwalta can sama. Ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban taɓa tambayarka abin da kake tunani ba, don na san ba ni da amsar da zan ba ka.

Waɗanda kuke tare ranar Talata sun ce komai ya tafi yadda aka saba. Kun fito daga fadama, ruwan inji ya tafasa a tsakiyar hawa, ka tsaya. Ka sauko ka tokare tayoyin baya da duwatsu, ka taka su da ƙafa ka tabbatar sun zauna, ka buɗe gaban mota tururi ya fita. Ka ce wa mata su sauko su miƙe ƙafa. Sannan ka je gindin bishiya ka jingina. Da tururin ya ɗauke suka kira ka, ba ka amsa ba.

Na je gidanka gaisuwa. Motar na ƙofar gida, laka ta bushe a jikinta. Mutanenmu sun cika wurin, da ƙafa suka ratso, har da mai ƙafa ɗaya, a kafaɗar ƙannensa. Ina zaune na ji wani dattijo daga cikinmu ya matsa kusa da babban ɗanka, wanda yake sana'ar ɗinki, ya yi masa gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Ka dai iya tuƙi, ko?" Ɗan naka ya ɗaga kai ya dubi mahaifiyarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ban ga laifin dattijon ba, matarsa na da ciwon da sai an riƙa kai ta gari. Amma ina so ɗanka ya ji daga bakin ɗaya daga cikinmu: mahaifinka ya yi abin da ba wanda ya ɗora masa, kuma ba gado ba ne. In ka hau motar, Allah Ya taimake ka. In ka sayar da ita ka koma kan kekenka, ba ka ci amanar kowa ba. Yadda za mu yi mu fita, ban sani ba tukuna, amma wannan tambayarmu ce, ba taka ba.

Yaya, ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi haƙurin da ba a gani, da 'ya'yanka, da ƙannenka, da abokan aikinka na tasha, da makanikenka, da mu duka mutanen bayan fadama. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya tsaya wa iyalinka, Ya buɗa musu ta inda ba su zata ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka Ya yalwata shi. Ya sa kowane mara lafiya da ka ɗauka ya zama mai shaida a gare ka. Ya haɗa ka da mahaifiyarka a Aljanna. Hutun da muka yi ta faɗa maka da baki ba mu iya ba ka ba, Allah Ya ba ka shi cikakke. Amin.