Batirin da na ɗauka zuwa Barmu

Shekara uku bayan samun 'yancin kai ina Tawa ina ɗaukar hoto, ni kaɗai a shago, ni kaɗai a ɗakin da ke bayansa. Rana ce fitilata: in jingina mutum da bango, in ce ya daina murmushi, hoton kati ne ba na biki ba. Duk yini ina cewa mutane su dube ni, amma ba ni da wanda zan ci tuwo da shi.

Sai ƙanwata ta aiko daga ƙauyenmu, gaba da Barmu, cewa Inna ta kwanta, ba ta ko iya fitowa tsakar gida. Na ɗauki rabin mutanen Tawa, amma ba ni da hoton uwata ko ɗaya. Ɗakinta kuwa na san shi, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba.

Ina da fitilar hoto mai walƙiya da na saya wurin wani Bature da zai koma gida, amma batirinta ya mutu. Na je wajen wani ɗan kasuwa Bamaraɗe mai kayan rediyo, ya ajiye mini biyu. Ɗaya mai ruwa ne, sai an kai shi gareji an cika shi da wuta, nauyinsa kamar ɗan dutsen niƙa. Ɗayan busasshe ne, a ɗauke shi da hannu ɗaya.

"Mai ruwan shi ka daɗewa," in ji shi. "Busasshen ga ya kwana biyu bisa kanta, kuma ka san zahin garin ga."

Na ɗaga mai ruwan, na tuna daga inda mota ke sauke mutum sai tafiyar ƙafa cikin duwatsu, ba mai kama mini. Na so a ce akwai wanda zan juya in tambaya. Babu. Na ɗauki busasshen, har da gaya wa mutumin kada ya koya mini sana'ata.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In tana son in ci abinci sai ta gaya wa ƙanwata, ni ina zaune a gabanta. Kowa ya ce kunya ce, kuma na sani. Sanin bai hana abin ya yi mini ciwo ba.

Da na isa gida muka jingina ta da bango, ƙanwata ta gyara mata kallabi. Na haɗa waya, na jira ɗan jan ƙwan da ke nuna fitila ta shirya.

"Inna, ki dube ni."

Ta dubi ƙasa. Walƙiya ta tashi.

"Mi shika so kuma?" ta tambayi ƙanwata.

"Ki duba wajenai, Inna, ɗan kaɗan ɗai," in ji ƙanwata.

Walƙiya ta biyu ta kama gefen fuskarta, tana kallon ƙwaryar da ke rataye. Ƙwan ya daɗe kafin ya sake kawowa. Da ina da hankali da na ba ƙanwata na'urar ta danna, ko in tsayar da ita a bayana. Amma ni nake so ta duba. A ta uku ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Daga nan ƙwan ya ƙi kawowa. Na durƙusa ina murza waya, ina goge kan batirin da bakin riga, ina zagin Bamaraɗen a zuci alhali ya gaya mini gaskiya. Gumi na ɗiga a hannuna. Da na ɗago kai sai na ga idonta a kaina, sosai, ba ƙiftawa, tana duba ni tun daga goshi har gemu. Ta zaci hankalina na kan batir.

Na danna duk da haka. Ba abin da ya haska.

Ta kau da kai, ta ce wa ƙanwata, "Ki ce mai ya rame."

Bayan kwana tara ta rasu. Na wanke fim ɗin a Tawa, huɗu na ɗauka, uku suka fito. Na huɗun baƙi ƙirin ne, kuma shi ne na kasa zubarwa.