Jirgin Umaru Bakabe da ruwan da ya sha

Shekara uku ke nan da rasuwar Umaru, kuma har yau in na hau gadar Zamalek na leƙa ruwan Nilu, haushinsa ne ke fara taso mini kafin kewarsa ta biyo baya. Haka muka saba. Shi Bakabe ne mutumin Argungu, ni Bakatsine, tun muna ɗalibai a Alƙahira ba ma gaisawa sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Karatu ya ƙare muka maƙale a garin, shi yana aika kaya gida daga wani ɗan ofis a Mohandessin, ni ina yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitoci.

A shekarar 2011, lokacin da gari ya hargitse, baƙi suna ta tattara nasu ya nasu, wani Bature ya sayar masa da tsohon jirgin tsere na katako, irin wanda ba shi da inji, iska ke tura shi da dogon ƙyalle. An ce a zamaninsa ya sha cin tsere. Ni dai abin da na tarar a bakin ruwa wajen Ma'adi ƙwarangwal ne a kan turaku, fenti ya ɓare, kyanwa ta haihu a ciki, ta tsakanin katakon kana hango mutumin da ke tsaye a ɗaya gefen. Na ce masa ya sayi itacen girki. Ya ce wanda bai san ruwa ba sai na rijiya ai ba a shawara da shi.

Fiye da shekara yana kan aikin. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya ja ni, ya cire ruɓaɓɓen katako ya sa sabo, ya cusa auduga a tsagu, ya goge, ya shafa fenti, ni kuwa ina miƙa ƙusa ina mita. A wurin na fara lura yana yawan zama ya huta, kuma farin idonsa ya koma rawaya.

Ni na kai shi asibiti. Ya fi ni jin Larabci, don haka babu abin da zan sassauta masa a fassara. Likita ya ce ciwon hanta ne, ya riga ya yi nisa, in akwai wanda yake son gani a gida to ya tafi tun kamfanin jirgin sama na yarda ya ɗauke shi. Akwai kuwa. Mahaifiyarsa, Inna, tana Argungu, tsufa ya tafi da ganinta, kuma an daɗe rabonta da taɓa shi.

Umaru ya ce ba inda za shi sai jirginsa ya hau ruwa ya tuƙa shi, ko sau ɗaya ne. Matarsa Rabi ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam Kabiru, kai kaɗai yake ji. In ya mutu a nan, da wane baki zan yi wa Inna bayani?" Gaba kura, baya sayaki. In na matsa masa na ƙwace wa mai mutuwa abu ɗaya da ya rage yana sa shi tashi da safe, in na yi shiru kuma wata tsohuwa za ta yi ta jiran ɗan da ba zai zo ba. Kullum ina duban ƙafafunsa suna ƙara kumbura, har takalmi ya daina shiga.

Muka gaggauta aka tura jirgin cikin ruwa. Ko daidaita bai yi ba ruwa ya fara tsartuwa ta kowace tsaga, kafin la'asar ya nutse har baki. Wallahi daɗi na ji. Na ce, "Khalas, shi ke nan, Bakabe, jirgi ya ƙi. Sai gida."

Yana zaune a kujerar roba, lulluɓe da bargo cikin wannan zafi, sai ya kama dariya. Ya ce haka kwale-kwalen kakansa yake yi in ya daɗe a tudu: katako ya bushe ya ja jiki, dole ya yi yoyo. "Bar shi ya sha. In ya ƙoshi zai kumbura, tsagun su haɗe da kansu. Kwarfewa kawai za a riƙa yi." Na tambaye shi har yaushe. Ya ce katakon ne ya sani, wataƙila sati biyu, wataƙila wata.

Na dubi Rabi, ta kau da kai. Ban taɓa ɗaga masa murya da gaske ba sai ranar. Na ce shi da ya san katako na tsagewa in ya daɗe bai ga ruwansa ba, shekararsa nawa a tudun mutane? Na ce jirgi zai iya jiran wata guda, shi fa, Inna fa? Dariyar ta ɗauke. Na tabbata na yi asarar aboki tun kafin mutuwa ta karɓe shi.

Can ya ce, "Wa zai kwarfe?" Ya san ko kwalbati ya cika ba na tsallakawa. Na ce ni. Ya ƙare mini kallo sama da ƙasa, ya ce, "Yalla, mu je, a nemo tikiti."

A filin jirgin sama wata ma'aikaciya ta tsura wa idonsa ido, ta fara maganar sai an kira likita. Umaru ya miƙe daga keken marasa lafiya, ya yi mata barkwanci da Larabcin 'yan kasuwa, ya taka da ƙafarsa har ya ɓace mana. Rabi ta ce mini daga baya yana zama a jirgi ya sume. Amma ya isa, Inna ta shafa fuskarsa da hannunta ta ce ya rame.

Ni kuwa kowace safiya ina bakin Nilu da bokiti, igiya ɗaure a ƙuguna, masunta na yi mini dariya. In kwarfe, ya cika, in sake kwarfewa. Sannu a hankali ruwan ya riƙa raguwa, har wata safiya na tarar da ƙasan a bushe. Na kira shi daga cikin jirgin. Da ƙyar nake jin muryarsa. Ya ce in zauna a ƙasa, na zauna. Ya ce, "Wando ya jiƙe?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka yi aiki, Bakatsine. Na 'yanta ka." A cikin satin ya rasu, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bakin kogin ya cika da shingayen bincike da jiragen biki masu kiɗa kamar za su fasa kunne, na san zai yi tsaki. Da ya ga yadda nake tuƙi, ƙyalle na kaɗa ni hagu da dama, sai ya yi dariya har ya faɗi. Jirgin na 'ya'yansa ne, riƙo nake yi, kuma Umaru bai taɓa hawansa ba. Wannan har gobe yana ci mini rai, ko da yake da za a maimaita, abin da na faɗa masa shi zan sake faɗa.

Abin da ya bari ba katako ba ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Umaru ba ya barin bashin magana. Na san da zai dawo, kafin ya duba jirgin zai juyo mini da tambayata: yaushe rabonka da Katsina? Mahaifina ya fara cewa a waya ba ya gane muryata sai na faɗi sunana. Na samu wanda zai riƙa duba jirgin. Bayan Sallah zan tafi gida.