Ƙarshen kokawar da na ɓoye wa Yaya Haruna

Daminar bana shekara shida ke nan cif da muka kai yayana Haruna makwancinsa a garinmu Ƙofa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan. Duk shekara nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin akwai wata magana tsakanina da shi da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Bana dai na gaji da riƙonta.

Dattawan ƙasar Kusada sun san Yaya da kokawa. Lokacin kaka, in an gama yankan gero, shi ake jira a dandali. Ni da nake ƙaninsa, boko ya ɗauke ni, ko akuya ban taɓa kayarwa ba, kuma bai fasa yi mini gori a kan haka ba har ya bar duniya. Kokawarsa ta ƙarshe a Mawashi aka yi ta. Wani matashi ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, makaɗan da suka shekara goma suna yi masa kirari suka juya nan take suka koma yi masa zambo. Ya tashi shi kaɗai, ya karkaɗe jikinsa, ya tako gida a ƙasa. Daga ranar bai sake ɗaura walki ba, ko kallo bai ƙara zuwa ba.

Shekaru bayan haka, ina koyarwa a Kankia, wani mai tura finafinai ya zuba mini wani fim ɗin Koriya mai kashi sha shida a waya. Ina buɗewa sai ga ƙarti cikin yashi, kowa ya cafki ɗamarar ɗan'uwansa. Ashe su ma suna da tasu kokawar. Labarin wani tsohon ɗan kokawa ne da ƙarfi ya fara guje masa, ya ce sai ya sake shiga fili sau ɗaya. Ranar Juma'a na hau babur na kai wa Yaya. Ya kalli minti biyar yana taɓe baki, sai kawai na ji ya daka wa wayar tsawa: "Kai, sa mashi ƙahwa mana! Mi kake jira?"

Yaya ba ya karatun boko, saboda haka ni ne bakinsa da kunnensa. Ina karanta rubutun Turancin da ke ƙasa, ina mayar masa da Hausa, shi kuma yana gyara wa 'yan wasan kamu. Muka yi alkawari: kashi ɗaya duk Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gida, kuma ba ni ba leƙen na gaba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda wanda ya yi kaye ke miƙa wa wanda ya faɗi hannu. Yakan sa in mayar da wurin baya, ya sake kallo.

Yanzu kam sai in ce da zai dawo da ya sha mamaki. Masu fassara sun cika gari, mutumin Koriya na zuba Hausa a waya kamar ɗan Tafashiya. Da bai buƙace ni ba. Wataƙila ma da ya ce Hausarsu ta fi tawa daɗi, don ba ya raga mini. Amma na san zai tambayi dandalin kokawar garinmu, alhali an yanka wurin filaye, samari sun koma gidan kallon ƙwallo. Darbejiyar tana nan. Nakan je in gaida iyalinsa, amma ban iya zama a gindinta.

Mun kai kashi na sha biyar ciwo ya kwantar da shi. Saura karon ƙarshe. A wannan makon, ranar Laraba lokacin tara, ina zaune ni kaɗai a ofishin malamai, haƙuri ya ƙare mini, na kalla. Da na je Juma'a na tarar ko ido ba ya iya tsayarwa a kan waya. Ya jawo hannuna ya ce, "Sani, kai da wayar ke hannunka, ba ka leƙa ba? Hwaɗa mani, an kada tsohon?"

Kunya ta kama ni, irin ta ƙani da ya ci amanar yayansa, ga kuma tsoron kada in tuna masa Mawashi. Na ce, "Ban kalla ba, Yaya. Sai ka ji sauƙi mu gani tare." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Madalla. Alkawari kaya ne." Ranar Talata ya cika.

An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Shekara shida ina juya wannan ƙaryar. Na ɗauka shi nake karewa, ashe fuskata nake wankewa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗauke da kaye ɗaya, ina riƙe da maganar da za ta sauƙaƙa masa, na haɗiye ta. Gonarsa 'ya'yansa na nomawa, walkinsa na cikin adaka, sunansa na bakin tsofaffin da su ma suke ta raguwa. Ni abin da ya bar mini tambayarsa ce, kuma ba ni da inda zan kai amsar sai wannan shafi.

An kada shi, Yaya. Yaron da suka kara da shi ya ɗaga shi ya kai ƙasa, kamar dai naka. Amma bai yi kirari ba. Ya durƙusa ya tashe shi, ya karkaɗe masa yashin baya da hannunsa, duk filin suka miƙe tsaye. Ba wanda ya yi masa dariya, kuma bai tafi gida shi kaɗai ba.