Shekarar da Ba a Rubuta wa Kawu Orval Ba

Duk wanda ya taɓa shan kofi a shagon Bev da ke bakin gada ya ga Kawu Orval, ko da bai san sunansa ba. Shi ne a hoton nan da ke saman kanta, ruwa har ƙugu, buhun yashi a kafaɗa, baki buɗe yana yi wa wani tsawa. A shekarar babbar ambaliya aka ɗauka. Mu a gida ba mu taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, sai a hoton.

Orval Tjaden ƙanen kakarmu ne, makanike, mai kaurin hannu da ƙarancin magana. Tun yana saurayi ya shiga rundunar ko-ta-kwana ta jiha, irin sojan da ke sa kaki ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a bazara, sauran kwanaki yana ƙarƙashin motar wani. Alkawarin da ake yi musu ɗaya ne. In mutum ya cika shekara ashirin, kowace da isasshen makin atisaye, to ranar da ya kai sittin fansho ya tsaya masa, asibiti da magani kuma shi da matarsa sun huta. Kawu bai taɓa duba makinsa ba. Aikinsa motocin bariki. Rubutu aikin Saje Pruett ne.

Da kogi ya yi barazanar cinye gari, gwamna ya kira su. Suka yi makonni a kan jinga suna jera buhuna. A nan wani kwanon rufi da ruwa ya kwaso ya tsage masa ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, har ƙafar ta ruɓe, likita ya soma maganar yankewa. An dai ceto ta, amma ya yi watanni bai iya tsayuwar fareti ba.

Pruett ya zo duba shi, ya tsaya daga ƙofa saboda wari. Ya ce, "Kwanta abinka, jarumin jinga. In ka iya dogara sanda, ka riƙa leƙowa ranakun aiki kana cire mana taɓo daga motoci. Zan rubuta maka a madadin atisayen da ka rasa."

Haka Kawu ya yi tun kaka har sanyi ya wuce. Matarsa Lorna ke kai shi ta ɗauko shi, ƙafar a naɗe cikin leda.

Da shekarunsa suka cika ashirin a kalanda, Pruett da kansa ya shirya masa walimar sallama. Aka yanka kek, aka ba shi allon katako mai farantin tagulla an zana ashirin a jiki. Akwai takardar da kan zo wa wanda ya cika, tasa ba ta zo ba. Pruett ya ce, "Takardun soja kunkuru ke kai su. Je ka huta." Kafin wata ya ƙare an ɗora Curtis, mijin 'yar Pruett, a kan muƙamin Kawu. Lorna ta lura. Kawu ya ce ai dole wani ya hau.

Ya kai sittin zuciyar Lorna ta riga ta soma ba ta wahala. Tana raba ƙwayar magani biyu da wuƙar kicin don ta kai ƙarshen wata, tana cewa saura ƙiris. Ranar da ya tafi ofishin fansho a babban birni ya sa rigar coci, ya riƙe allonsa a leda.

Yarinyar da ke bayan tebur ta daɗe tana kallon na'urarta.

"Baba, goma sha tara nake gani."

"Sake dubawa, 'yata."

"Na sake. Shekarar ambaliya ce ba ta cika ba."

Ya yi murmushi, don ya ɗauka gyaran mai sauƙi ne. "Ai ban taɓa yin aiki kamar na shekarar ba. Hotona ma yana nan a shagon Bev."

"Gwamna ne ya kira ku, ba gwamnatin tarayya ba. Aikin jiha ba ya shiga wannan lissafin. Bayansa kuma babu komai, wata da watanni."

Ya ciro allon ya ɗora mata a tebur. Ta kalle shi, ta tura masa shi a hankali da yatsa biyu. Ta ce akwai kwamitin gyaran tarihin aiki, amma ba sa jin labari. Sai wanda ya sa shi wankin motocin ya rantse a rubuce cewa ya sa shi, kuma shi ne bai shigar ba.

Pruett ya riga ya yi ritaya, ya yi tumbi, yana da kwale-kwalen kamun kifi da gida a kan tudu inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Kawu ya same shi a baranda, ya cire hula.

"A'a, Gurgu ne? Me ya hawo da kai tudu?"

Kawu ya yi bayani. Pruett ya sosa wuya ya ce abin ya daɗe, sai ya yi tunani. Amma tunda ga makanike har gida, injin kwale-kwalen nan yana tari.

Kawu ya gyara injin. Mako na gaba akori-kura ce ke ɗigar mai. Bayan ita injin yankan ciyawa, bayan injin kuma sai ciyawar kanta. Duk bazarar nan ana ganinsa a farfajiyar Pruett yana jan ƙafa bayan inji, maigidan na zaune a inuwa da gwangwanin giya yana nuna masa inda ya tsallake. Kullum takardar rantsuwar na aljihun rigarsa, har gumi ya jiƙa ta, aka sake bugo wata.

Lorna ta ce, "Orval, mutumin nan wasa yake da kai kamar kyanwa da ɓera."

"Saje ne. Zai sa hannu."

"Sajenka ya ƙare tun kafin gashinka ya zube. Tsoho ne kawai mai son bawa kyauta."

"To wa zan je wa, Lorna? Kyaftin ɗinmu ya mutu. Sauran ba su ga komai ba, ranakun aiki ne."

Ta ci gaba da yankan ƙwayarta.

Da aka fara girbin masara ya gaji da jira. Ya sami Pruett da safe a shagon Bev, a teburin da tsofaffin bariki ke zama, daidai ƙarƙashin hoton. Ya shimfiɗa takardar kusa da farantinsa, ya ɗora biro a kai.

"Saje, matata ba ta da lafiya."

Pruett ya gama tauna ƙwansa tukuna. "Ku ji min mutum. So yake in rantse cewa ni, Dwayne Pruett, ban iya aikina ba. Da tsufana."

"Mantuwa ce, kowa na yi."

"Wa ya ce maka mantawa na yi?"

Cokula suka tsaya.

"Da na zo haɗa takardun sallamarka na ga ramin. Da ka ƙara shekara ɗaya, da shi ke nan. To amma ka zaune wa muƙami kamar kaza a kan ƙwai, ga Curtis da 'ya'ya biyu yana jira." Ya goge baki. "Ka tambaye ni? Ba ka tambaya ba. Aka ba ka kek ka ci, har ka ƙunsa wa Lorna saura."

Wani a ƙarshen teburi ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Sauran duk sun ji da kunnensu, kuma Kawu ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Suna farauta tare da Curtis, jikokinsu na aji ɗaya da nasa.

Pruett ya ɗora kofinsa a kan takardar, ya bar mata zobe. "Af, Gurgu, birkin akori-kurar nan ya soma ƙara. In ka samu sarari."

Abin da har yau ba a son faɗa a gidanmu shi ne, ya je. Ranar Asabar ya hau tudu da akwatin kayan aikinsa. Ya ce wa Lorna mutum kan sauya zuciya, kuma ba shi da wata ƙofar.

Ƙorafin da ya aika ba sa hannun Pruett, kwamiti ya amsa shi bayan an fi shekara. Sun gode masa da hidimar da ya yi wa jiharsa. Hoto da allon katako ba hujja ba ne. Lorna ta sauke allon daga bango ta mayar da shi abin ɗora tukunya mai zafi, har tagullar ta yi baƙi. Ba ta ga wata bazarar ba.

Pruett ya bi ta bayan shekara biyu, a gadon asibitin da fanshonsa ya biya. Curtis ya bugo waya ya ce ana son tsofaffin bariki su ɗauki akwatin gawar, kuma mutum ɗaya ya rage. Kakarmu ta ce in ya je ba ita ba shi. Ya goge takalmansa ya tafi. Aka ba shi kusurwar baya ta hagu, ɓangaren gurguwar ƙafarsa, maƙabartar kuma a kan gangare take. Ya kai shi har bakin rami bai yi tuntuɓe ba, ya tsaya aka busa ƙaho, aka naɗe tuta aka miƙa wa 'yar mamacin.

A bakin mota Curtis ya dafa kafaɗarsa, idonsa jawur.

"Na gode, Baba Orval. Marigayi kullum yana cewa a duk barikin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa ce masa a'a ba." Ya share hanci. "Kwale-kwalen yanzu yana wurina. Ya soma tarin nan kuma."

Kawu ya tambaye shi ko Asabar ta yi masa.