Saƙon Fermín Iturralde ga ƙudan zumansa

Fermín Iturralde ya rasu a farkon sanyin bara, a ɗakin da aka haife shi, kuma ni aka fara aiko wa. Kafin a kira ɗansa, kafin a je wa limamin coci, sai da aka ƙwanƙwasa ƙofata, ni Atilio Bonavetti, wanda shingen waya kaɗai ya raba gonata da tasa. Haka ya tsara tun yana da ƙarfinsa.

Tare muka taso a ƙauyenmu da ke kudu da garin Tandil. Makarantarmu ɗaya, mai aji guda, tare kuma muka bar ta, don shanu ba sa jiran a gama karatu. Ni jikan mutanen Italiya ne, shi jikan Baskawa. Tun muna yara yake ce mini ɗan taliya, ni ina ce masa Basko. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan. Baƙar hularsa ba ta barin kansa sai a coci, a can ma rungume ta yake a ƙirji kamar za a ƙwace. In ya ce a'a, gara ka je ka nemi wani aikin.

Sunansu bai taɓa ba ni mamaki ba, don a ƙasar nan ko'ina ka juya akwai Iturralde. Na gan shi a jikin motar kaya, na gan shi a ƙofar wani mai gyaran haƙori, an ce har Meziko da Ekwado suna nan. Wata safiya, ban daɗe da aure ba, muna shan mate, shayinmu na ganye da ake sha a ƙoƙo ɗaya, a bakin shinge, ƙoƙon yana kaiwa da komowa ta saman waya, sai na tsokane shi.

"Basko, ku fa kun fi tumaki yawa a ƙasar nan. Duk danginka ne?"

"Kai me ka sani? Ku sunan uba kuke ɗauka. Mu gida ne ke ba mutum suna."

Ranar ya yi maganar da ta fi ta wata guda tsawo. Ya ce a duwatsun kakanninsa, tsakanin Sifen da Faransa, kowane gida da sunansa, sunan kuma ya girmi duk wanda ke ciki. Nasu a gefen wani idon ruwa aka gina shi. A harshensu iturri shi ne idon ruwa, alde kuwa gefe, shi ke nan Iturralde. Duk wanda ya riƙe gidan, ko da aure ne ya shigo da shi, da sunan gidan za a kira shi. Kuma ba a raba gida. Iyaye su zaɓi ɗaya cikin 'ya'ya, mace ko namiji, babba ko auta, wanda suka ga zai iya. Sauran su ɗauki sunan su kama hanya. Kakansa cikin masu kama hanya yake. Ya hau jirgin ruwa, ya yi shekaru yana tallan madara a kan doki, da ya samu wannan filin kuwa rijiya ya fara haƙawa, sannan ya gina gida a gefenta.

"Duk waɗanda kake gani a jikin motoci jikokin masu fita ne," in ji shi. "Gida ya ƙi rabuwa, shi ya sa sunan ya bazu."

Ya miƙo mini ƙoƙon, ya ce daga yau ni ne maƙwabcinsa na farko. Na ce ai dama babu wani a kusa sai ni. Ya ce ba wannan yake nufi ba. A wurinsu maƙwabcin farko ya fi ɗan'uwa nauyi. In an yi rasuwa shi ake fara gaya wa. Shi zai tatsi shanu har a gama zaman makoki, shi zai ɗauki gicciye a gaban gawa, shi zai cire falle ɗaya na rufin ɗaki don rai ya samu hanya.

"Rufinka na kwano ne, Basko."

"To sai ka buɗe taga. Komai sai an yi maka bayani?"

Na ƙarshe shi ne zuma. Dole maƙwabcin farko ya je wurin ƙudan zuman gidan ya gaya musu maigida ya rasu, ya kuma faɗa musu wanda ya riƙe gida yanzu. In ba haka ba sai su watse. Na yi dariya, don duk ƙauyen an san ko ƙuda ɗaya ya zo kusa da ni sai na bar wurin. Ya ce in kwantar da hankalina, shi zai binne ni.

'Ya'ya biyu suka samu da matarsa Graciana. Ignacio, babban, mai kai ne, ya yi karatu ya buɗe kantin magani a birnin Mar del Plata, da sunansu rubuce a saman ƙofa. Nélida kuwa tun tana ƙarama a wurin tatsa take. Ta san kowace saniya da halinta. Da ta girma sai ta ce Ceferino Maidana take so, wani saurayi da ya zo daga Corrientes, can arewacin ƙasar, neman aikin tatsa. Fermín bai hana ba, amma ya daɗe bai kira sunansa ba, sai dai "yaron nan na arewa".

Shekarar babban fari rijiyar ta ja baya har guga yana taɓo laka. Shanu suna kuka a bakin kwami. Fermín ya ɗaura igiya a ƙugu zai sauka ya ƙara mata zurfi, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Ceferino bai yi masa gardama ba. Ya zo ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura a nasa. Ni da Fermín muka riƙe daga sama, muna jawo laka guga bayan guga har hannayenmu suka yi jini. Da ruwa ya ɓullo, Ceferino ya fito ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu. Fermín ya dube shi ya ce, "Ceferino, je ka wanke jiki, Graciana ta dafa miya." Daga ranar ba a sake jin yaron arewa ba.

Bayan rasuwar Graciana ne maganar gida ta taso. Dokar ƙasarmu ba ta san al'adar duwatsu ba: rabi na Ignacio ne, rabi na Nélida. Masu noman waken suya sun riga sun saye gonakin da ke kewaye da mu, sun cire shinge, sun rushe gidaje, kuma suna son ta Iturralde gaba ɗaya. In Ignacio ya sayar da rabinsa, abin da ya rage ba zai ciyar da garken ba, Nélida ma sai ta sayar. Ina wurin ranar da suka yi maganar, ana gashin nama a tsakar gida.

"Baba, Nélida tana tashi da asuba cikin sanyi kamar baiwa," in ji Ignacio. "A sayar, kowa ya huta. In suna kake ji, ga shi a hannuna. 'Ya'yana maza duk Iturralde ne. Nata Maidana ne."

"Kai kana ɗauke da shi," in ji Fermín. "Ita tana zaune a cikinsa."

Ignacio ya ajiye wuƙarsa. Bai kwana a gidan ba ranar. Ba mugun yaro ba ne, ni na sani, a hannuna ya koyi hawan doki. Abin da ya ji shi ne ubansa ya zaɓa, kuma ba shi aka zaɓa ba.

Da ciwon ya kwantar da Fermín, kullum bayan tatsar safe ina zuwa in zauna a gefensa. Mate ya fi ƙarfin cikinsa, sai dai ya riƙe ƙoƙon don ɗumi. Wata rana ya ce, "Ɗan taliya, ba ka manta da zuma ba ko?"

"Ka ce kai za ka binne ni."

"Na fasa. Ka ce musu Nélida."

"Ka kira Ignacio ka sake gaya masa da bakinka mana."

"Na gaya masa, ya ji rabi ya tashi. Sauran rabin kai za ka faɗa. Ka tabbata yana tsaye a wurin."

Ya gaya mini sauran rabin. Na ce ya maimaita don kada in ɓata, ya maimaita, ya ce dama tun a makaranta haka nake.

Ceferino ne ya zo gaya mini, da safe, hularsa a hannu. Na tsallaka shingen ta inda muka saba. Na shiga ɗakin na buɗe taga. Fermín yana kwance, fuskarsa ta saki, kamar mutumin da ya gama aiki. Na ɗora masa hularsa a ƙirji, sannan na fita na kama tatsa, don shanun sun fara kira. Kaina a jikin saniya na yi kukana, ba wanda ya gani.

Ignacio ya iso da rana. Ya rungume ni ya ce, "Kawu Atilio, ka tsufa." Na ce masa ya zo ya raka ni, akwai aikin da ubansa ya bar mini, ni kuma tsoro nake ji. Nélida ta biyo mu, Ceferino ya tsaya can nesa a bakin rijiya.

Akwatunan zuman a jere suke a bayan gida, ƙarƙashin itatuwan turare. Saboda sanyi ƙudan ba su fito sosai ba, amma kana jin gunjinsu a ciki. Na matsa kusa. Na ƙwanƙwasa na farko da yatsa, na sunkuya.

"Maigida ya rasu," na ce. "Kada ku tafi. Nélida ce ta riƙe gida."

Na ji Ignacio ya ja numfashi a bayana. Ban juya ba. Na ci gaba da abin da aka ba ni.

"Ignacio kuma ɗan gida ne da ya fita, kamar kakan ubansa. Ɗakin da ke kallon rijiya nasa ne. Ba a ba baƙo, ba a zuba hatsi a ciki. Duk ranar da ya dawo, da iyali ko shi kaɗai, da arziki ko babu, kada ku harbe shi. Ku san shi."

Haka na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ina maimaitawa. A na ƙarshe wani ƙuda ya fito ya harbe ni a bayan kunne. Na daure ban gudu ba, sai da na kai ƙarshen maganar.

Ignacio ya ce, "Wannan na ƙarshen kai ka ƙara, Kawu?"

"Ni ina zan iya tsara magana haka? Har maimaita mini ya yi."

Nélida ta ce, "Yaya, gadonka yana nan da bargon da Mama ta saƙa. Tun da ka tafi Baba bai bari an taɓa ɗakin ba. Lokacin da muka haifi na uku na roƙe shi, ya hana."

Ignacio ya juyo wurina. Ya matso ya duba kunnena, ya cire ƙarin da farcensa, ya ce in sa kankara. Washegari na ɗauki gicciye a gaba, shi da Ceferino suka kama akwatin gawa ta gefe ɗaya, muka kai Fermín kusa da Graciana.

Ignacio ya koma Mar del Plata bai yi maganar gona ba. Nélida ta yi ta zaman jira, duk motar da ta shigo hanyarmu sai ta fito ta duba ko masu awon fili ne. Ni ma na rasa barci. Na riƙa tunanin ko na faɗa da sauri, ko muryata ba ta fita ba.

Da zafi ya shigo sai ga shi da matarsa da yaran, da jakunkuna. Ya kwana a ɗakin da ke kallon rijiya, ya tashi yana ƙorafin katifa. Ina wurin da safen, muna tsaye a tsakar gida ana zagaya ƙoƙon mate, motar ɗaukar madara ta tsaya a bakin ƙofa. Direban sabo ne, bai san kowa ba. Ya leƙo ya yi kira, "Iturralde?"

Ignacio da Ceferino suka juya tare. Ceferino ya ji kunya ya sunkuyar da kai. Ignacio ya karɓi ƙoƙon daga hannunsa.

"Kai ake kira, suruki," ya ce. "Je ka, kada madarar gida ta lalace."

Har yau bai sayar ba. Rabonsa yana karɓa a maruƙa da cuku, yana kuma cewa cukun ya cika gishiri. Zuman ma ba su watse ba, Nélida ta kawo mini kwalba ɗaya daga ɗiban bana.

Ni dai kullum bayan tatsar safe ina zuwa bakin shingen da ƙoƙona. Wayar ta lotsa a wurin da Fermín yake ɗora hannu, Ceferino ya ce zai ja ta, na ce ya bar ta haka. Wani lokaci yakan zo ya tsaya a ɗaya gefen, mu sha tare. Yaro ne mai ladabi, "don Atilio" yake ce mini, yadda ake girmama dattijo a wurinmu. Yanzu babu mai ce mini ɗan taliya. Allah ya jiƙanka, Basko. Na faɗa musu yadda ka ce.